Dorinar Alhaji Sani

A unguwar Yelwa ta birnin Garwa, in ka tambayi inda ake kilishi mai kyau, yaro ƙarami ma zai nuna maka rumfar Alhaji Sani. Fawa gadonsa ce. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina tun zamanin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina suna lodin auduga da gyaɗa, ya kafa wuƙarsa a Garwa, bai sake komawa ba.

Alhaji Sani mutum ne mai haƙuri da nama. Tun asuba zai zauna da tsokar cinya a kan katako, yana bin ta da wuƙa a hankali, yana warware ta, har ta koma shimfiɗa guda wadda in ka ɗaga za ka hango rana ta cikinta. In ta yage sai ya ce wuƙar ce ta yi gaggawa, nama ba shi da laifi. A shanya a gadon kara, a tsoma a labu, a sake shanyawa, sannan a nuna wa wuta kaɗan. Sai dai haƙurin nan a rumfa yake kwana, ba ya biyo shi gida. A bayan ƙofar zaure akwai dorina rataye a ƙusa, ta yi baƙi saboda tsufa, ita ma daga hannun mahaifinsa ya karɓe ta.

Kada wani ya ɗauka mugu ne. Bai taɓa barin gidansa ba cefane ba, 'ya'yansa ba a taɓa koro su daga lekol don kuɗi ba, kuma in ɗaya ya yi zazzaɓi shi ke kwana zaune. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka yi masa maganar duka sai ya ɗage hannun riga ya nuna wani tabo a dantse, ya ce, "Da ita aka gyara ni. Ga ni nan, ban lalace ba."

A watan Janairun 2022 gasar cin kofin Afirka ta sauka Kamaru, aka kuma ajiye rukunin Najeriya a Garwa, a filin Rumde Ajiya. Gari ya cika da baƙi daga Yola da Mubi har da Kano, kuma baƙo ba ya barin Garwa ba tsarabar kilishi. Ranar 11 ga wata, ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema da ƙwallon Kelechi Iheanacho, kafin magariba babu ko fallen kilishi a tebur. Da dare Alhaji ya zazzage ciniki a kan tabarma, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Takardar jaka goma guda babu ita.

Lissafinsa bai yi nisa ba. Habu, ɗansa na fari, mai shekara goma sha biyu, shi ya tsare tebur da la'asar lokacin da ya shiga masallaci. Habu ne kuma aka nema aka rasa daidai lokacin wasa.

"Kai, zo nan. Ina jaka goma?"

"Wallahi Baba ban gani ba."

"Ina ka shiga da yamma?"

"Shagon mai aski, kallon ƙwallo a talabijin."

Alhaji ya miƙa hannu bayan ƙofa. Uwar yaron, Hadiza, tana ɗaki tana ji, amma ɗan fari ne, alkunya ba ta bari ta buɗe baki a kansa ba. Inna, mahaifiyar Alhaji, wadda ita kaɗai ke iya tsayawa tsakaninsa da dorina, ta tafi Pitowa wurin 'yarta. Nasiru, ƙanen Habu mai shekara bakwai, ya maƙale bayan randa yana leƙe.

Bulala ta farko, Habu ya ce bai ɗauka ba. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Can da abin ya ƙi ƙarewa sai yaron ya ce, "Na ɗauka, Baba, na ɗauka!" Nan take dorina ta tsaya. Aka tambaye shi ina kuɗin, ya ce tikiti ya saya. Sauran canjin fa? Ya ce tsire da lemo suka sha da abokai. Ta wace ƙofa ya shiga filin? Ya faɗi wata. Yaro ne mai kaifin kai, cikin ɗan lokaci ya gane irin amsar da ke tsayar da hannun ubansa, ya riƙa kawo ta ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya rataye dorina, ya ce, "Da tun farko ka faɗi gaskiya ai da ba mu kai nan ba."

Bayan mako biyu mai wanki ya kawo kaya. Ya tsaya a zaure, ya ciro wata takarda a ninke ya miƙa da hannu biyu, ya ce a aljihun 'yar cikin Alhaji ya tsince ta kafin ya jiƙa. Alhaji ya dubi kuɗin, sai komai ya dawo masa. Wani baƙo ɗan Mubi ne ya ba shi ana tsakiyar turmutsutsu, hannunsa duk labu, ya soke ta a nan don kada ta ɓaci. Ya sallami mai wanki da tukwici, ya zauna shiru.

Bai gaya wa kowa ba. A tarbiyyar da ya tashi a ciki uba ba ya ba ɗa haƙuri. Washegari ya shiga babbar kasuwa ya sayo rigar Coton Sport mai kore da fari, ya jefa wa Habu a cinya. Yaron ya durƙusa ya ce, "Na gode, Baba," yana satar kallon fuskarsa, don bai san dalilin kyautar ba.

A ƙofar masallacin unguwa akwai wata darbejiya inda dattawa ke zama bayan isha'i ana zuba shayi. Wani dare rediyo ya kawo muhawara a kan ko ya kamata hukuma ta haramta dukan yara har a cikin gida. Alhaji Sani ya fi kowa ɗaga murya, wataƙila don abin da ke cin sa a ciki.

"Yau kuma jandarma ne zai shigo gidana ya koya mini riƙon ɗana? Da na haifa ya taya ni suna?"

Direkta Hamadu, wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana riƙe da alli kafin ya yi ritaya, ya kurɓi shayi ya ce, "Alhaji, rabin dokar ai ta daɗe a ƙasar nan. Dokar tsarin ilimi ta ranar 14 ga Afrilun 1998, sashe na 35, ta hana azabtar da jikin ɗalibi a makaranta, a wuri guda da ta hana sayar da giya da taba da ƙwaya. Gida ne ba ta shiga ba."

"To ta hana ɗin?"

Direkta ya yi dariya. "Ta ɗauke tiyon gas ɗin dukan yara daga kan tebur ta mayar da shi cikin durowa. In sufeto zai zo ba ka ganinsa, in ya tafi ya fito. Ka ba malami yara fiye da ɗari a aji guda, cikin zafin Maris, ba ka koya masa wata hanya ba, sannan ka ce ya ajiye bulala. Me zai ɗauka?"

"Ka gani ko!" in ji Alhaji. "Kai ma ka yarda aikin banza ne."

"Ban ce haka ba. Kafin 1998, in malami ya fasa wa yaro kunne, uba ya je ƙara, ce masa za a yi tarbiyya ce. Yanzu yana da takardar da zai ɗora a tebur. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga talaka." Ya ci gaba da ba su labarin Suwidin, ƙasar da ta fara hana duka har a gida a 1979. Ya ce ba da kurkuku suka fara ba. Ƙasida suka aika gidajen masu yara, suka buga bayanin dokar a jikin kwalayen madara, don mutum ya karanta yana karin kumallo. Ya ce a Afirka ma an bi sahu: Togo a 2007, Kenya a 2010, Benin a 2015.

Wani ya ce duk wannan tsarin Nasara ne, addini ya ba da izinin duka. Idanu suka koma kan Modibbo Yaya, limamin masallacin, wanda tun da aka fara yake jan carbi.

"Allah gafarta Malam, kai za ka raba mu."

Modibbo ya ce gaskiya ne akwai hadisin da ya yi umarni a sa yaro salla tun yana shekara bakwai, kuma ya ambaci duka a shekara goma. "Amma ku lura, shekara uku aka ba ku ta koyarwa da lallashi kafin a kai can. Wa ke yin ukun nan?" Ya ce Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba, kuma Nana A'isha ta shaida bai taɓa dukan mace ko hadimi ba. Ya kawo Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan na mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyarwa fiye da shekara dubu da ta wuce: ya iyakance wa malami bulala uku a kan karatu, ya hana fuska da kai, ya hana duka cikin fushi.

"Ku faɗa mini tsakani da Allah, a cikinku wa ya taɓa dukan ɗansa ba cikin fushi ba? Wa ya tsaya a uku?"

Ba wanda ya amsa. Modibbo ya ƙara da cewa Ibn Khaldun ya keɓe babi guda a Muƙaddima a kan illar tsanani ga ɗalibi, inda ya nuna cewa yaron da aka rena da ƙarfi yakan koyi kasala da ƙarya da makirci, ya riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannun da ke kansa. Ya tuna musu da gidan nan na Rigasa a Kaduna, inda 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 a Satumban 2019, wasu da mari a ƙafa. "Akasarinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da sunan gyara, har suna biyan kuɗi."

Alhaji Sani ya kakkaɓe rigarsa ya ce dare ya yi, gobe da yanka.

Azumin shekarar ya kama a Afrilu, lokacin da zafin Garwa kan wuce awo 40, ruwan Binuwai ya ja baya ya bar fili na yashi. Alhaji ya daɗe da kafa wa 'ya'yansa doka cewa ba su ba kogi, kuma yana da hujja, don akwai dorinar ruwa a Binuwai, akwai kuma gurbi mai zurfi da ke cin yara. Amma wata ranar da rana ta take, 'yan unguwa suka ja Habu, Habu ya ja Nasiru. A hanyar dawowa wani kare ya fito daga cikin ciyawa, ba haushi ba komai, ya cafki Nasiru a sha-raɓa ya wuce.

Yara suka watse. Habu ya duba ciwon, haƙora huɗu, jini kaɗan. Ya ɗebi ƙasa ya shafa, ya yage bakin singiletinsa ya ɗaure. Ya riƙe kafaɗun ƙanensa ya ce, "In Baba ya ji mun je kogi, ka san sauran. Dogon wando za ka riƙa sawa. In an tambaye ka, ƙaya ce." Nasiru, wanda ya ga abin da ya gani daga bayan randa, bai buƙaci a maimaita masa ba.

Kwana uku suka riƙe sirrin. Inna ce ta gano, da ta ga jikanta yana ɗingishi yana kuma ƙin zama kusa da ita wurin buɗa-baki.

"Maigidana, yau kuma gudu na kake yi? Ko ka yi mini kishiya ne? Zo nan in ga ƙafar."

Ta naɗe wandon. Sha-raɓar ta kumbura tana sheƙi, tsumman ya manne da ciwon. Ta kwance a hankali, ta ga sawun haƙora, ta yi salati da ƙarfi har Alhaji ya fito da ƙoƙon kunu a hannu. Da ya ji kalmar kogi sai ƙafarsa ta nufi zaure da kanta. Inna ta riga shi bakin ƙofa. Ba ta kiran sunansa, shi ma ɗan fari ne.

"Kai, ɗauki yaro ku tafi asibiti. Abin da ke bayan ƙofar nan ba ya gudu."

A asibiti wani malamin jinya ya wanke ciwon da sabulu da ruwa, ya daɗe yana wankewa. Yana yi yana faɗa, ba da tsawa ba, cewa wannan wankin tun a ranar ya kamata a yi shi, minti goma sha biyar cur, sannan a garzayo a fara allura. Ya ce ciwon haukan kare yana bin jijiya ne a hankali har ya kai ƙwaƙwalwa, kuma muddin alamunsa suka bayyana, yaro ya fara tsoron ruwa, to sai dai addu'a. Kafin nan ne allura ke aiki, shi ya sa kowace rana take da tsada. Sannan ya juya ya ce yana so ya san karen. Na gida ne ko na yawo? Tsokanarsa aka yi? Yaya kamanninsa?

Habu kaɗai ya ga karen da kyau. Ya dubi malamin, ya dubi hannun ubansa, ya ce, "Ban sani ba." Aka sake tambaya, ya ce na wani gida ne. Aka ce wane gida, ya ce a'a, ba na gida ba ne. Yana ta laluben amsar da ake so, ya rasa ta.

Malamin jinyar ya ajiye audugar hannunsa. "Alhaji, don Allah ɗan ba mu wuri."

Alhaji Sani, mai gemu da furfura, ya fita ya tsaya a baranda. Ƙofar ba ta rufu duka ba. Yana nan tsaye ya ji muryar ɗansa ta saki, magana tana zuba a jere ba gargada: karen ja ne, ramamme, yawu na dalala daga bakinsa, yana tafe yana tangaɗi, ba wanda ya tsokane shi, kuma bayan ya ciji Nasiru sun hango ya afka wa wata akuya, masunta suka bi shi da jifa. Duk abin da likita ke buƙata yana bakin yaron tun ranar farko.

Aka fara wa Nasiru allura a daren, aka rubuta ranakun da za a dawo da shi. Kuɗin da aka kashe ya fi jaka goman nan nesa ba kusa ba. Allah ya sa an zo da sauran lokaci.

Bayan sallar asham, Alhaji ya kira Habu zaure. Yaron ya tsuguna nesa, inda hannu ba zai kai ba.

"Me ya hana ka faɗa mini? Da ƙanenka ya mutu fa?"

"Na ji tsoro, Baba."

"Ai da ka faɗi gaskiya da ban taɓa ka ba."

Habu ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, ba da rashin kunya ba, "Ranar kuɗin nan gaskiya na fara faɗa."

Alhaji ya buɗe baki ya rufe. Can ya ce, "Kuɗin nan an same su. A aljihuna suke. Tun watan Janairu na sani." Ya yi shiru, maganar da ta rage ta tsaya masa a maƙogwaro, sai da ya yi gyaran murya sau biyu. "Wata ne mai alfarma. Ka yafe mini."

Habu bai san inda zai sa idonsa ba. Ya ce, "Ba komai, Baba," ya tashi ya shige gida da sauri.

Da ya koma gindin darbejiya bayan salla, Alhaji Sani bai zama ɗan rajin doka ba, kuma ƙarya ne a ce ya zama. Ya ce har gobe bai yarda a kai uba kwamishariya don ya ɗan tsungule kunnen ɗansa ba. Direkta Hamadu ya ce shi ma ba abin da yake nema ke nan ba. "Kai kana da Inna a gida, kana da Modibbo a masallaci, ga shi kana da zuciyar da ta dame ka. Akwai yaron da ke hannun kishiyar uwa, akwai almajirin da iyayensa ke nisan kwana biyu a mota. Su wa zai tsaya musu a bakin ƙofa?" A ganina Direkta ya fi gaskiya a nan. Masu cewa doka ba ta da hurumi a cikin gida yawanci gidajensu suke dubawa, su manta da gidan da in yaro ya yi kuka ba mai leƙowa.

Alhaji bai amsa wannan ba. Abin da ya tambaya shi ne, "To in ban doka ba, in yi yaya? In zuba ido?"

"Ka sa shi ya biya abin da ya ɓata," in ji Direkta. "Ka hana shi abin da yake so. Kuma in ya kawo maka laifinsa da bakinsa, ka rage masa, ko da ranka na tafasa."

Ba a yi wata guda ba aka gwada shi. Ya bar Habu gadin shanya ya tafi mayanka. Yara suka kafa ƙwallo a layi, Habu ya ce bari ya taɓa sau ɗaya. Kafin ya waiwayo shirwa ta sauko, akuyar maƙwabta ta tunkuɗe gadon kara, falle biyar suka faɗa cikin turɓaya. Yana iya cewa iska ce, don iskar farkon damina ta fara kaɗawa, kuma ba wanda zai ƙaryata shi. Da Alhaji ya dawo ya tarar da shi tsaye a bakin rumfa, riƙe da naman mai ƙasa, gwiwoyinsa na rawa.

"Baba, ƙwallo na tafi. Ni na bar wurin."

Jijiyar wuyan Alhaji ta tashi. Ya dubi naman, ya ƙiyasta asarar, ya shiga cikin rumfa ya sha ruwa, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya ce, "Falle biyar jaka bakwai ne. Da ka ce mini iska ce, da bakwai ɗin za ka biya. Tun da ka faɗa, biyar. Kullum in ka taso lekol kai ne dakan labu, ina cire maka ɗari biyar a rana. Ƙwallo kuma sai ka gama biya."

Habu ya yi lissafi da yatsu. "Kwana goma ke nan, Baba."

"Ban da Juma'a. Ɗauko turmi."